Jirgin yaƙi na kwali da na Panteka: wanne ne aikin hannu?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ga hotunan inda aka kwana da Alpha Jet ɗina, ƙaramin kwaikwayon jirgin yaƙi da nake haɗawa daga gutsattsarin roba na cikin kwali, ma'aunin 1/48. Gangar jiki ta haɗu, fukafukai sun hau, saura cike tsaga da fenti. Abin da ya tsayar da ni tambari ne. Na cikin kwalin duk na Faransa da Jamus ne, ni kuwa namu nake so, kore-fari-kore da lambar NAF, wato rundunar sojan saman Najeriya, a jiki. Akwai wanda ya taɓa yin nasa a nan Kaduna ba tare da ya yi oda daga waje ba?

Ɗan Panteka: Wa alaikumus salam Yaya. Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma a bar ni in amayar da abin da ke cina tun ranar da aka sa ni a zauren nan. Abin da kuke yi haɗi ne, ba ƙira ba. Inji ya zuba roba a wata ƙasa, ya fitar da hanci da fiffike da taya, kowane gutsure da lambarsa, aka haɗo muku da takarda mai cewa liƙa 14 a kan 22. Ina aikin hannu a nan? Jirgin yaƙin MiG ɗin da na turo kwanaki, aikin Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, daga allon foreks na masu rubuta talla na sassaƙo shi, na lulluɓe shi da farantin alminiyam da madaba'a ta gama aiki da shi. Ko ƙusa ɗaya ba a yi mini odarta ba.

Baban Ilham: To fa. Tambari na tambaya, sai ga shari'a.

Injiniya Rigasa: Ɗan Panteka, hannunka na da albarka, kowa a nan ya shaida. Amma tunda ka taɓo, bari in tambaye ka. MiG ɗin naka a wane ma'auni yake?

Ɗan Panteka: Da ido na auna, Oga. Taƙi biyu da ɗan ɗoriya.

Injiniya Rigasa: To nan ne muka rabu. Sana'ar nan tamu kacokan a kan ma'auni ta tsaya. In aka ce 1/72, ana nufin duk santimita ɗaya a jikin ƙaramin yana wakiltar 72 a jikin na gaske, kuma dokar ta hau kan komai: fiffike, taya, kujera, har kaurin eriya. Faɗin fukafukan MiG-21 daga baki zuwa baki mita 7.15 ne. Ka raba da 72, ka sami santimita 10 ba kaɗan. Ka raba da 48, kusan 15. Na Alpha Jet mita 9.11 ne, saboda haka wanda ke kan teburin Baban Ilham dole ya ba da santimita 19, in bai ba da ba, akwai wanda ya yi ƙarya, ko shi ko kamfanin.

Na ɗora rula a kan hoton naka. Fukafukan sun yi wa gangar jikin yawa sosai. MiG-21 dogo ne siriri mai guntun fiffike, tsawonsa ya kusa ninka faɗinsa biyu. Naka ya cika ido, amma da za a hura shi ya kai girman na gaske, ba MiG-21 za a gani ba.

Ɗan Panteka: Amma duk wanda ya gani cewa yake MiG ne.

Injiniya Rigasa: Saboda ka rubuta a jiki, ƙanena.

Sadauki 05: 😂 Oga Injiniya ba ka da dama. Ni tambayata, don Allah duk waɗannan jiragen suna tashi kuwa?

Baban Ilham: Sadauki barka da zuwa, kowane baƙo da wannan tambayar yake shigowa. Ba sa tashi, ba inji a ciki, ba batir. Na ajiya ne da kallo. Masu tashi da rimot sana'arsu dabam.

Kawu Mai Ritaya: Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, yau dai kun taɓo inda na ci abinci. Ni makanikin jirgi ne a da, hannuna ya sha baƙin man waɗannan da kuke musu a kansu.

Ɗan Panteka, ban da maganar fiffike, akwai abin da ya fi damuna a naka. Ka haɗa jirage biyu a jiki ɗaya. Ka yi masa ƙaton doro a baya irin na MiG-21MF, waɗanda Najeriya ta karɓa daga Tarayyar Sobiyet a 1975, sannan ka ba shi fiffike mai karyewa biyu irin na F-7Ni, na China, da suka zo bayan fiye da shekara talatin. Dangi ne, gaskiya, domin F-7 daga tsohon MiG-21 na farko-farko Sinawa suka samo shi. Amma fiffiken MF kusurwa uku ne tsaf, gefensa na gaba miƙaƙƙe ne, ba ya karyewa. F-7 kuma bayansa siriri ne, ƙahon da ke cikin bakinsa ƙarami ne. Na MF babba ne don na'urar hange da ke ciki ta fi girma. Wanda ya yi aiki a sansanin sojan sama na Makurɗi daga nesa zai bambance su.

Kai kuma Baban Ilham, kafin ka damu da tambari, dubi hancin jirginka. Alpha Jet haɗin gwiwar Faransa da Jamus ne, Dassault da Dornier, ya fara tashi a 1973. Na Faransa na koyarwa hancinsa dunƙulalle ne, na Jamus na kai hari hancinsa mai tsini. Kwalaye da yawa suna zuwa da hancin biyu. Mu guda 24 aka kawo mana a shekarun 1980, su ne suka yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, daga baya aka ƙaro wasu 'yan kaɗan na hannu. Fentinsu ma ya sauya ba sau ɗaya ba. Saboda haka kada ka ce kawai “na Najeriya” zan yi. Ka zaɓi jirgi ɗaya, mai lamba ɗaya, a hoto ɗaya, ka bi shi sau da ƙafa.

Baban Ilham: Allah ya ƙara lafiya Kawu. Dunƙulallen na sa, hoton da nake bi shi ya nuna. Zan turo ka duba mini maratayan ƙarƙashin fiffike.

Ɗan Panteka: Kawu na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Hotuna biyu na haɗa na ɗauka jirgi ɗaya ne. Amma har yanzu ba a ba ni amsa ba. Ni na san ciwon kowane lanƙwasa a jikin nawa. Mai kwali me ya sha?

Baban Ilham: Tunda ka nace, zauna ka ji. Kwalin nan ba ya haɗa kansa. Gangar jiki ɓari biyu take zuwa, in ka manna su sai tabo ya fito tun daga hanci har wutsiya, wanda babu shi a jirgin gaske. Ka cike, ka bari ya bushe, ka goge da sanfefa mai laushi da ruwa, ka fesa fentin share fage mai ruwan toka, ka ɗaga wa fitila, sai ka ga tabon na nan yana maka dariya. Ka sake. Gugar nan kuma tana cinye layukan farantan jiki, dole ka ɗauko allura da tef mai kauri ka sake tsaga su ɗaya bayan ɗaya, in hannu ya goce ka koma cikewa.

Mazaunin matuƙi kuwa bai fi babban yatsa ba, kuma kujeru biyu ne a Alpha Jet, gaba da baya. Ɗamarar kujera da takardar gwangwanin madara ta ciki nake yankawa, siririya ƙwarai. Agogunan gaban matuƙi da tsinken sakace nake ɗiga musu fari, in ɗora ɗigon fenti mai sheƙi ya zama gilashi. Eriya kuma, ragowar sandar robar da gutsattsarin ke maƙale a jiki nake karawa a kan kyandir, in ta yi laushi in ja ta ta zama zare. Duk wannan fa bayan an rufe gilashi rabinsa ba mai ganinsa.

Bambancinmu da kai, kai ka fara daga allo, ni na fara daga roba. Amma idon da zai ce “wannan bai yi daidai da hoto ba” shi ne sana'ar, kuma ba a sa shi a kwali.

Anti Mai Zane: Ku maza in kuka fara musu sai a manta da mai tambaya. Baban Ilham, ga amsarka, aikina ne buga abubuwa a Barnawa. Matsalar tambarinmu farin da ke tsakiya. Firinta ta gida ba ta da farar tawada, farin takarda take bari a matsayin fari. In ka buga kore-fari-kore a takardar sitikar ruwa mai garai-garai, ka ɗora a kan fentin ɓad-da-kama, farin zai ɓace, koren ma ya dushe. In ka buga a farar takardar sitika, sai ka yanke da'irar daidai bakinta, kuma da wuya farin gefe bai leƙo ba.

Shawarata, kada ka buga tambarin ma sam, fesa shi. Ka fara fesa fari a gurbin, ya bushe sarai. Ka yanka zobe da tef ka rufe inda farin zai zauna, ka fesa kore, ɗigon tsakiya da zoben waje su fito lokaci ɗaya. Sai ka rufe da'irar duka da tef kafin ka yi fentin jiki. Kamfas na lissafi na 'yan makaranta, ka ɗaure masa tsinin reza a maimakon fensir, yana yanka da'ira lafiya lau. Tutar wutsiya ma haka, ita ma ta fi sauƙi tunda layuka ne miƙaƙƙu.

Lambobi da harufan NAF su ne za a buga, tunda masu duhu ne, a takarda mai garai-garai. Firinta mai leza ta fi. In mai tawadar ruwa ce sai ka fesa mata banish sama-sama tukuna, in ba haka ba tana shiga ruwa rubutun zai narke. Ka auno mini tsayin harafin a milimita.

Injiniya Rigasa: Ƙari a kan na Anti: kada a ɗora sitikar ruwa a kan fenti marar sheƙi. Fuskarsa gwarje-gwarje ce ko da ido bai gani ba, iska na maƙalewa a ƙarƙashi, sai gefen sitikar ya riƙa ƙyalli fari-fari. A fesa mai sheƙi, a ɗora sitika, sannan a kashe sheƙin daga ƙarshe.

Baban Ilham: Anti Allah ya saka da alheri. Dabarar kamfas ɗin nan ta biya ni.

Maman Sadik: Assalamu alaikum. Ni ba na haɗa komai, saboda yarona na shigo. Yana aji biyu a ƙaramar sakandare, muna zaune wajen Kawo, da ya ji ƙarar jirgi daga sansanin sojan sama na Mando ya bar abinci ya fita. Duk kwalin da ya shigo gidan nan ya zama jirgi. Mahaifinsa na ganin ɓata lokaci ne. Ni kuma ina so in san da me zai fara wanda ba zai cinye mana kuɗin cefane ba, kuma gam ɗin nan da tina ba sa cutarwa?

Injiniya Rigasa: Hajiya, ki bar shi da kwalinsa tukuna, ki ƙara masa rula da kalkuleta. A samo masa zanen jirgi mai fuska uku, ta sama da ta gefe da ta gaba, suna nan a intanet, a buga masa. Ya nemi tsawon jirgin na gaske, ya raba da kansa, ya yanka kwalin a kan abin da lissafi ya ba shi. Ki gaya wa mahaifinsa darasin lissafi ne da zanen fasaha yaron ke yi ba tare da an kore shi da bulala ba. In ya nuna naci, sai a nemo masa ƙaramin kwali na 1/72, irin na Airfix ko Revell masu gutsattsari kaɗan. Wannan ma'aunin tun shekarun 1930 aka fara shi a Ingila, inci ɗaya a madadin ƙafa shida, shi ya sa ya fi kowanne yawan nau'in jirage, kuma ya fi araha.

Anti Mai Zane: Maman Sadik, maganar lafiya kuwa ki sa ido. Fenti mai narkewa da ruwa za a ba shi, da buroshi, ban da feshi. Tina ta masu fentin mota kada ta shigo hannunsa, tana hawa kai, kuma tana cin robar ma. Gam ɗin roba a tsakar gida ko bakin taga. Reza kuma sai da babba a kusa.

Ɗan Panteka: Hajiya ki turo shi wajena ran Asabar in mahaifinsa ya yarda, ragowar foreks na nan jibge. Mu ma da motar kara da ta langa-langa muka fara, ba wanda ya saya mana kwali.

Kawu Mai Ritaya: Ki ce masa yaro ne ɗan garin jirgi. Rundunar sojan sama da aka kafa a 1964, Jamusawa ne suka fara horar da ita, kuma nan Kaduna ce cibiyar koyon tuƙi ta farko har gobe. Air Beetle, ƙaramin jirgin koyo mai farfela, a nan garin aka harhaɗa su. Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, marasa matuƙi, duk a nan aka ƙaddamar da su. Ga AFIT, cibiyar koyon fasaha ta sojan sama, a Mando, ga kwalejin jiragen sama a Zariya. Ƙarar da yake ji yawanci ta masu farfela ce na ɗalibai, masu jet na koyo irin L-39 suna Kano.

Kuma ga abin da zai ba Ɗan Panteka haushi: shi kansa Air Beetle daga zanen wani ƙaramin jirgin Amurka aka samo shi, RV-6A, wanda a can ma gutsattsari ake sayar wa mutum ya haɗa a gida. To ka je ka ce wa waɗanda suka haɗa shi ba su yi aikin hannu ba.

Ɗan Panteka: Kawu ka ɗaure ni da jijiyata.

Malam na Tudun Wada: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da magana biyu, a yi haƙuri in na sauya akalar hira. Ta farko ƙarama ce. Jirgi ba mai rai ba ne, ban ga abin zargi a ƙera kamarsa ba. Amma ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke zuwa a wasu kwalayen, ni dai ba na sa shi, kujera wayam nake bari. Kowa ya tambayi malaminsa.

Ta biyun ita ce mai nauyi. Ni jiragen fasinja nake haɗawa, kuma da gangan ne. Waɗannan da kuke ƙawatawa, kuna liƙa musu bama-bamai da rokoki a ƙarƙashin fiffike kuna auna su da milimita, kayan kisa ne. Mu a jihar nan ba labari muke ji ba. Tudun Biri na nan cikin Igabi, Disambar 2023, mutane suna Mauludi wuta ta sauko musu daga sama. Na san marar matuƙi ne na sojan ƙasa, ba jet ba, kuma an ce kuskure ne. Amma wanda ya rasa 'ya'yansa bai damu da wane iri ba ne. Ya za mu ɗora wa yaro irin Sadik sha'awar abin nan ba tare da mun gaya masa me yake yi ba?

Baban Ilham: Allah ya jiƙansu da rahama. Malam maganarka ba ta da daɗin ji amma ba zan ce ƙarya ce ba. Ni abin da ke jana surar jirgin ce da tarihinsa. Nawa ma tankunan mai kawai zan rataya masa.

Sadauki 05: Amma Malam, ba don jiragen nan ba da wasu garuruwan ba sa hannunmu yau. 'Yan uwanmu ne ke tuƙa su, wasu sun tafi ba su dawo ba.

Kawu Mai Ritaya: Dukanku kun faɗi gaskiya, kuma ba ta cin karo. Malam, ni da na ɗaura wa jirgi makami da hannuna ba na kallon ƙaramin a matsayin abin wasa. In na ga MiG-17 ko L-29 a kan tebur, yaƙin basasa nake tunawa, 1967 zuwa 1970, da su aka fara shigo da jet cikin rundunar, kuma wuta ta faɗa wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba a wancan lokacin ma. In na ga Jaguar, guda 18 da aka sayo a 1984, abin da nake tunawa dabam ne: dukiyar ƙasa da ba ta yi wani dogon aiki ba aka ajiye ta tana shan rana a Makurɗi. Yaron da ya haɗa jirgi ya tambaye ni labarinsa, duka zan ba shi, mai daɗi da marar daɗi. Wanda bai taɓa tambaya ba shi ne ba zai ji komai ba.

Malam na Tudun Wada: In dai za a riƙa ba da labarin duka, Kawu, na rage rabin damuwata. Rabin kuma ina nan da shi.

Mai Kula da Zaure: An gode Malam, an gode Kawu. Tunatarwa tunda an ambaci Mando: kada sha'awa ta kai wani ya tsaya bakin shingen sansanin soja yana ɗaukar hoto da waya. Duk hoton da za a turo nan ya zama wanda rundunar ta wallafa da kanta ko na jarida. Wanda ya saɓa za a goge, shi ma a cire shi.

Ɗan Kakuri: Jama'a a taimaka mini da ta gaggawa. JF-17 nake yi, na Trumpeter, 1/72, irin guda ukun da aka karɓa daga Pakistan a 2021. Na fesa fenti jiya da yamma, yau na tashi na tarar jikin ya yi ƙurji-ƙurji kamar an barbaɗa masa gero. Sannan gilashin matuƙi ya yi fari ta ciki.

Baban Ilham: Da me ka manna gilashin?

Ɗan Kakuri: Sufa gulu.

Baban Ilham: Shi ne. Tiririnsa ke kwanciya a kan roba mai garai-garai ya bar farin hazo. Gilashi da farin gam na kafintoci ake manna shi, irin Top Bond, ɗan kaɗan a bakin tsinke. Yana bushewa ya zama ba launi, in ya yi yawa ka goge da jiƙaƙƙen auduga. Wanda ya lalace, ɓamɓaro shi a hankali, ka goge cikin da man goge baki a kan auduga, yawanci yana dawowa.

Ƙurjin kuma hunturu ne, ta fuska biyu. Iska ta bushe ƙwarai, fenti na bushewa tun kafin ya isa jikin jirgin, sai ya sauka gari-gari. Ka ƙara masa abin sirki, ka rage ƙarfin iska, ka matso da bindigar feshin kusa. Ga kuma ƙura. Ni a wannan lokacin da sassafe nake feshi kafin iska ta tashi, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ina gamawa in kife masa babbar robar ajiye abinci. Goge wannan da sanfefa mafi laushi da ruwa ka sake, bai mutu ba.

Injiniya Rigasa: Da damina kuma akasin haka ne, ruwa ke taruwa a tiyon kwamfuresa, kana tsakiyar feshi ya tofo maka. Masu amfani da kwamfuresar tsohon firij su sa matarar ruwa, ita tana ma turo mai. Ɗan Kakuri, ka sa nauyi a hanci kafin ka rufe jikin? In ba ka sa ba, ɗora shi a kan tayoyinsa ka gani ko zai zauna da wutsiya.

Ɗan Kakuri: Na cusa noti biyu na keke, yana tsaye daram.

Kawu Mai Ritaya: Tunda ana maganar fenti, ina da ƙorafi a kan masu kwali, kada Ɗan Panteka ya ce shi kaɗai na sa a gaba. Wannan baƙin da kuke zubawa a kowane layin jiki, har jirgi ya fito da zane-zane baƙi ƙirin, daga ina kuka samo shi? Ku tsaya taku ashirin daga jirgin gaske, yawancin layukan nan ba za ku gan su ba. Dauɗa tana da mazauninta: bayan bututun hayaƙi, ƙarƙashin ciki inda mai ke yoyo, gefen da matuƙi ke takawa ya hau, ƙofofin da muke buɗewa kullum. Rana kuma tana cin fentin sama ya koɗe, na ƙasa ya zauna da ƙarfinsa.

Injiniya Rigasa: Lissafi na bayan Kawu. Tsagar da ta kai milimita 0.3 a 1/72, a jirgin gaske ta wuce santimita 2. Yatsa zai shiga. Jirgi mai irin wannan tsaga ba mai yarda ya hau shi.

Baban Ilham: Na yarda ana wuce gona da iri, amma ban yarda a bari sam ba. Ƙaramin abu ba ya yin inuwa irin ta babba, in ba ka taimaka masa ba sai ya fito fayau, roba tsantsa. Ni ruwan toka mai ɗan duhu nake sawa, ba baƙi ba, kuma in goge mafi yawansa.

Anti Mai Zane: A hoton waya ma baƙin ya fi fitowa, shi ya sa masu neman yabo a Facebook ke cika shi.

Ɗan Panteka: To ni na yanke shawara. Ba zan sayi kwali ba, wannan kam ko da kuɗin. Amma na gaba da rula zan yi shi, in ga bakin Oga Injiniya. Jaguar nake so, wanda Kawu ya ce an bar shi yana shan rana. Babba, 1/32, don farantin alminiyam ba ya son ƙananan lanƙwasa. Gilashin kuma na san dabararsa: in sassaƙa ƙirar da katakon malaina, in zura a robar ruwan sha, in kara a wuta ta tsuke ta kama shi. Abin da ba ni da shi zanen fuska uku ne.

Injiniya Rigasa: Faɗin fukafukan Jaguar mita 8.69, a 1/32 santimita 27 da ɗigo 2 ke nan, tsawo kuma wajen rabin mita. Zan turo zanen Anti ta buga maka a daidai girman, ka liƙa a kan allon ka yanka a kai. Ka fara yanke shawara: mai kujera ɗaya ko mai biyu? An kawo mana duka, kuma hancinsu ba ɗaya ba ne.

Kawu Mai Ritaya: Yi mai ɗaya. Amma ƙafafun ne za su ba ka wuya, ɗana. Tayoyi bibbiyu ne a kowace ƙafar baya, ga ƙarfen ya tanƙwaro waje, an yi shi ne don sauka a filin da ba kwalta. Foreks ba zai ɗauki nauyin ba.

Ɗan Panteka: Waya zan tanƙwara in yi mata walda, Kawu. A nan kam ba mai koya mini.

Anti Mai Zane: Rabin mita ba zai shiga takarda ɗaya ba, gida biyu zan raba shi in sa alamar haɗi. Injiniya ka zana layin santimita 10 a gefen zanen, in an buga a auna shi da rula kafin a taɓa allo, don firinta kan rage girma ba ta gaya wa kowa ba.